Tsutsar masara: Darasin da kwalba biyu suka koya mana a unguwar Yakite

Ranar wata Asabar cikin watan Mayun bara, bayan La'asar, Kawuna ya shigo gidanmu riƙe da karan masara guda uku, ya zube su a gabana kan tabarma. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam ƙarami, ku da kuka yi boko, duba min nan. Sau uku fa ina feshi."

Na ɗauki ɗaya na buɗe tsakiyarsa, inda sabon ganye ke fitowa. Ganyen ya zama rariya, cikinsa cike da wani gari mai danshi kamar dusar katako, wato kashin tsutsa. Can ƙasa kuwa ga ta nan kwance, ƙatuwa, lafiyarta lau, kamar ruwan sanyi aka watsa mata.

Ga wanda bai san wurinmu ba, Yakite unguwa ce a yankin Kilomita Biyar, wanda aka fi sani da PK5, a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Nan Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi suka fi yawa, nan ne kuma babbar kasuwar birnin take. An san mu da kasuwanci, amma akwai masu gonaki a bayan gari. Ta Kawu tana kan hanyar Damara, gaba da PK12. Da ita yake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa huɗu, biyu daga cikinsu a makarantar da nake koyarwa suke. Iri da maganin feshin duk bashi ya ɗauko a kasuwa, a kan zai biya idan ya sayar wa mata masu gashi ɗanyar masara.

Ni malamin firamare ne. Abin da na sani a kan ƙwari bai wuce zanen da aka yi mana a allo a makarantar horon malamai ba: ƙwai, tsutsa, kwanciya cikin kwanso, sannan fiffike. Amma tunda dattijo ya kawo kuka, ai ba a ce masa ban sani ba a tashi. Na nemi kwalba mai faɗin baki, na zuba ƙasa a gindinta, na sa tsutsa ɗaya da ganyen masara, na ɗaure bakin da yankin gidan sauro, na kai aji ranar Litinin.

Bayan kwana uku tsutsar ta daina ci, ta nutse cikin ƙasa. Yara suka ce ta mutu. Kwana tara bayan haka, da safe, wata yarinya da ke sharar aji ta rugo tana cewa, "Malam, Malam, faɗa-wuta ta shiga kwalbarka!" Ba shiga ta yi ba, daga cikin ƙasar ta fito. Ƙaramar faɗa-wuta ce mai ruwan toka, irin wadda ke zagaya fitila da dare ba wanda ya kula da ita. Da na nuna wa Kawu, sai da ya daɗe yana kallo. Shi a zatonsa tsutsar cikin takin zamani take zuwa, wasu maƙwabtansa kuma na cewa ruwan sama ne ke sauko da ita.

Baƙuwa daga Amurka

Sunanta a wurin masana Spodoptera frugiperda, kuma asalinta nahiyar Amurka. A watan Janairun 2016 aka fara ganin ta a gonakin masara na kudu maso yammacin Najeriya, masana na cibiyar binciken noma ta IITA, mai hedikwata a Ibadan, suka tabbatar da ita ta hanyar duba ƙwayoyin halittarta. Kafin ƙarshen 2018 ta mamaye kusan duk ƙasashen Afirka kudu da Sahara, har da tamu. A shekarar ta isa Indiya, a 2019 ta shiga China, a 2020 kuma Ostareliya. Cibiyar CABI ta yi ƙiyasi a 2017 cewa idan aka zuba mata ido, za ta iya cinye masara tan miliyan 8 zuwa 20 duk shekara a ƙasashen Afirka 12 kawai.

Gane ta ba wuya. A goshinta akwai wani farin zane kamar harafin Y da aka kifa, kusa da ƙarshen jikinta kuma akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka yi murabba'i. Uwar, wato faɗa-wutar, tana iya tafiyar kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka mata. Tana zuba ƙwai 100 zuwa 200 a wuri guda a jikin ganye, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi daga jikinta, kuma a 'yan kwanakin rayuwarta takan yi ƙwai sama da 1,000. Cikin kwana biyu zuwa uku sun ƙyanƙyashe. Daga ƙwai zuwa sabuwar uwa kimanin wata ɗaya ne a ƙasa mai zafi. Mu da ba mu da sanyin da zai kashe ta, muddin akwai ɗanyen ganye, haihuwa ba ta tsayawa.

Masu binciken gado sun gano abu biyu da suka shafe mu. Na farko, tsutsar da ke Afirka duk kusan dangi ɗaya ce, ta yi kama da ta yankin Florida da tsibiran Karebiyan, alamar cewa 'yan ƙalilan ne suka shigo suka hayayyafa. Na biyu, ta iso mana ɗauke da gadon jure wasu tsofaffin magungunan feshi da aka daɗe ana watsa wa kakanninta a can.

Me ya sa feshi ke gazawa

Wannan magana ta gado ita na so yara su fahimta, sai na zo da wake. Na zuba fari guda 95 da ja guda 5 a kan tebur, na ce fararen su ne tsutsar da magani ke kashewa, jajayen kuma su ne 'yan kaɗan da aka halitta da jikin da ke jure shi. Na sa wani yaro ya zama mai feshi, ya kwashe fararen ya bar guda biyar da suka ɓuya a ƙarƙashin littafi. Saura goma, rabi ja rabi fari. Na ce kowane ya haifi goma. Yanzu ja 50, fari 50. Aka sake feshi. A zagaye na uku tebur ya koma ja. Wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe mai feshin ne ke zaɓar musu wanda zai haihu." Na ce ka gama darasin.

A gona abin bai kai saurin na tebur ba, amma hanyar ɗaya ce. Duk wanda ya dage da magani iri ɗaya, wata bayan wata, yana share wa masu jurewa fili ne.

Akwai wasu dalilan kuma da suka fi kusa. Tsutsar da ta girma tana shigewa can cikin tsakiyar masara, ta toshe ƙofa da kashinta, maganin da aka watsa da rana a saman ganye ba ya isa gare ta. Sannan ga halin da kasuwarmu ke ciki. Maganin da Kawu ya saya, a gorar ruwa aka ɗura masa shi, ba suna, ba takarda, ba ma'auni. Wanda ya sayar masa ya ce ya zuba "murfi biyu ko uku". Ya yi feshin da silifa a ƙafa, ba abin rufe hanci, ya kwana biyu yana fama da ciwon kai da ƙaiƙayin ido. Babbar hasarar kuwa ba mu gane ta ba sai da kwalba ta biyu.

Gaba da gabanta

Mako biyu bayan haka na bi Kawu gona. A can gefe, kusa da wata bishiyar mangwaro inda maganinsa ya ƙare bai kai ba, masarar ta fi ta tsakiya kyan gani. Na ga tururuwa na hawa da sauka a jikin kara, ga zanzaro na shawagi. Na tsinko ganye mai ɗauke da tarin ƙwai na sa a wata kwalbar, don yara su ga ƙyanƙyasa.

Kwana uku, huɗu, biyar, shiru. Ƙwan suka yi baƙi ƙirin. Sai da aka haura kwana goma muka ga wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu fiffike suna yawo a jikin kwalbar, kowane bai kai ƙwayar gero ba. Tsutsa ko ɗaya ba ta fito ba. Dangin zanzaro ne ƙanana, waɗanda uwarsu ke huda ƙwan faɗa-wuta ta saka nata a ciki, ɗanta ya cinye abin da ke cikin ƙwan ya fito a madadin tsutsa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Telenomus remus, kuma a 2019 masana suka ba da rahoton cewa yana nan a ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Nijar da Benin da Kenya. Gaba da gabanta, in ji Hausawa. Feshin da bai kai ga ƙatuwar tsutsa ba, waɗannan ƙananan yake fara kashewa, don su a fili suke yawo.

Da na ci gaba da karatu a waya, sai na tarar 'yan uwanmu na Nijar sun daɗe da mayar da wannan sani sana'a. Tun bayan farin shekarun 1970 manoman gero na Sahel ke fama da tsutsar zangarniya, wadda a Maraɗi ake kira murzuna. Ita ma 'yar faɗa-wuta ce, tana bin zangarniya tana sassaƙa ta kamar an naɗa zare. Daga 2006 masana na cibiyar INRAN ta Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka fara sakin wani ƙaramin zanzaro ɗan ƙasa mai suna Habrobracon hebetor. Cikin waɗanda suka yi fice a aikin akwai Farfesa Ibrahim Baoua na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Dakta Malick Ba, wanda ya yi aiki a cibiyar ICRISAT.

Dabarar ba ta buƙatar lantarki ko inji. Ɗan ƙaramin buhun algarara ne ake zuba wa gero da garinsa, a sa tsutsa 25 irin wadda ke cin hatsi a rumbu, a jefa matan zanzaro biyu da suka riga suka yi barbara, a ɗaure. Uwar zanzaron ta harbi tsutsa ta shanye mata jiki, ta yi ƙwai a kanta. Bayan kimanin kwana goma 'ya'yan su fito ta ramukan buhun su bazu gonaki neman murzuna. Buhu 15 ake ajiyewa a kewayen ƙauye lokacin da gero ya fara fitar da kai, kuma zanzaron kan bazu har kimanin kilomita biyar. A wuraren da aka gwada, yakan kashe har kashi 80 cikin 100 na tsutsar, amfanin gona kuma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. Har ƙungiyoyin manoma da mata sun koyi kiwon zanzaron suna sayar da buhunan.

Mu nan ma mun ci moriyar irin wannan aiki ba tare da mun sani ba. Abincin ƙasar nan rogo ne, gozo da yaren Sango. A farkon shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse rogo ya ɓulla a yankin Kinshasa da Brazzaville, maƙwabtanmu, ya bazu nahiyar. Shi ma daga Kudancin Amurka ya zo. Masana suka bi sawunsa har Paraguay, suka samo ƙaramin zanzaron da ke kashe shi, IITA ta hayayyafa shi ta fara saki a Najeriya a 1981, daga nan aka bi ƙasashe da shi. Dakta Hans Herren da ya jagoranci aikin ya samu lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. Manomin rogo bai biya ko dala ɗaya ba, kuma zanzaron na nan yana aiki har gobe.

Masu taɓa ƙwayar halitta

Akwai kuma waɗanda suka bi ta ƙofar gado kai tsaye. A cibiyar binciken noma ta IAR da ke Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku da abokan aikinsa sun fitar da waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019. An saka masa ƙwayar halitta ɗaya da aka ɗauko daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa da ake kira Bt a taƙaice, wadda ke yin wani sinadari mai lalata hanjin tsutsa. An yi shi ne don Maruca, tsutsar faɗa-wutar da ke cin furen wake da kwansonsa, wadda kan iya halaka har kashi 80 cikin 100 na amfani. Manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas yana iya tsayawa a biyu. A watan Janairun 2024 kuma aka fitar da masarar TELA iri huɗu, mai kare kanta daga tsutsar kara da wannan baƙuwar tamu.

Na san ana muhawara mai zafi a Najeriya a kan irin waɗannan tsaba, har Majalisar Wakilai ta nemi a yi bincike a 2024. Abin da zan ce a matsayina na mai wake a tebur shi ne, dokar gado ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. A Puerto Rico, wajajen 2006, wannan tsutsar ta fara cin masarar Bt ba abin da ya same ta. A Afirka ta Kudu ma tsutsar kara ta yi haka, an ba da rahoto a 2007. Shi ya sa masana ke cewa duk mai shuka irin ya bar wani yanki na gonarsa da iri na gargajiya, don tsutsa marasa juriya su rayu su yi barbara da masu juriya, jinin ya tsinke. Sannan masarar TELA irin aure ce, wadda ake sayen sabuwa duk shekara. Mai bashi irin Kawu dole ya yi wannan lissafin tukuna.

Wasu ƙasashen kuma faɗa-wutar kanta suke kiwo a masana'anta, su haska ta da wani haske mai kashe haihuwa, su saki miliyoyi daga jirgin sama. Duk ta daji da ta haɗu da su, zuriyarta ta yanke. Da wannan dabarar, haɗe da audugar Bt da tarkon ƙamshi mai ruɗa maza, Amurka ta sanar a watan Oktoban 2018 cewa ta kawar da jar tsutsar auduga daga gonakinta. A Brazil kuma, a 2021, an amince wa kamfanin Oxitec ya saki mazan faɗa-wutar masara da aka gyara musu ƙwayar halitta, yadda duk 'ya mace da suka haifa ba za ta rayu ba. Aiki ne mai cin kuɗi da tsari, kuma a ƙasar da wutar lantarki ma sai an yi rabo unguwa-unguwa, ba shi ne na farko a layi ba.

Abin da hannu zai iya

Ga abin da muka yi a gonar Kawu, kusan duk daga shawarwarin da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ke bai wa ƙananan manoma.

Sau biyu a mako, da sassafe, ana ratsa gonar a karkace, a tsaya wuri biyar, a duba masara goma a kowane wuri. Duk tarin ƙwan da aka gani mai haske a murƙushe shi da yatsa, wanda ya yi baƙi ya daɗe bai ƙyanƙyashe ba kuma a bar shi, akwai mayaƙa a ciki. Inda aka ga sabon kashi, a zuba toka gauraye da yashi ko busasshiyar ƙasa a tsakiyar masarar. Mun jiƙa dakakken 'ya'yan dogon yaro ya kwana, muka tace muka ɗura da yamma, lokacin da tsutsa ke fitowa ci. Mun yayyafa ruwan sukari a wasu layuka don kiran tururuwa. Ranakun da babu makaranta yaran Kawu da abokansu suka zama ma'aikata, kuma wallahi idonsu ya fi namu ganin ƙwai.

Ban ce a jefar da maganin feshi ba. Idan ɓarna ta yi yawa kuma tsutsa na ƙanana, a nemi mai suna da takarda, a bi ma'auni, a rufe jiki, a fesa cikin tsakiyar masarar da yamma ko da asuba, kuma kada a maimaita iri ɗaya kullum.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, bara mun makara. Kawu ya samu abin da bai fi rabin abin da ya saba samu ba. Ya biya bashin kasuwa, amma kuɗin makarantar babbar 'yarsa sai da muka haɗa a dangi, ta yi mako uku a gida kafin ta koma. Bana ya yi shuka da ruwan farko tare da maƙwabtansa a mako guda, don kada gonar wani ta zama gidan renon tsutsar da za ta faɗa wa ta wani. Ya sa gyaɗa da wake tsakanin layuka, ya bar ciyawa mai fure a bakin gona. A yammacin Kenya manoma na yin abin da ya fi wannan tsari, suna shuka wata ciyawa mai suna desmodium a tsakanin masara tana korar faɗa-wuta da warinta, dabarar da Farfesa Zeyaur Khan na cibiyar icipe ya ɓullo da ita. Mu da abin da ke hannunmu muka fara. Har ya fara karya masara, sau ɗaya ya yi feshi.

Roƙona biyu ne. Ga cibiyar binciken noma ta ƙasarmu, ICRA, da Jami'ar Bangui: abin da ɗan buhu ya yi wa gero a Maraɗi ya isa a je a gani da ido, a duba waɗanne zanzaro ne ke gonakinmu, a koya wa matasa kiwonsu. Ɗaki ɗaya da 'yan robobi da hatsi sun isa a fara, kuma a Kilomita Biyar ba abin da ya fi matasa masu neman sana'a yawa. Ga 'yan uwana 'yan kasuwa kuma: ku ji tsoron Allah, ku daina ɗura guba a gorar ruwa. Wanda kuka sayar wa maƙwabcinku ne, masarar kuma 'ya'yanku ne za su saya gasasshiya a bakin gadar Yakite.

Kwalaben biyu na nan a tagar ajinmu. Makon jiya Kawu ya aiko ƙaramin ɗansa da ganye a cikin leda, da saƙon cewa in duba masa, waɗannan ƙwan na kashewa ne ko na bari. Kafin in karɓa, yarinyar nan mai shara ta leƙa ta ce, "Na bari ne, Malam, sun yi baƙi." Muka sa su a kwalba, muna jira.